Darasin Wannan Mako: ECOWAS, Kogin Kwara da Haƙƙin Talaka

A littafin Gwamnati na 'yan babban aji akwai babi a kan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kuma duk mun san yadda muke yi da shi. A haddace shekarar kafuwa, a haddace garin da hedikwata take, a juye a takardar WAEC ko NECO, a manta. A wannan makon mun ga ya dace mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato ECOWAS, mu sauko da ita daga Abuja zuwa bakin ruwa, mu duba ko akwai abin da ya haɗa ta da mai kwalekwale a Wara, da mai albasa a Yelwa, da makiyayi a ƙasar Shanga.

Da farko, wace irin ƙungiya ce? Ku ɗauki misalin adashi. Kowa da aljihunsa, amma da zarar ka shiga, akwai abin da ka yarda za ka riƙa zubawa, akwai kuma dokar da ta hau kanka ko ranar da ba ka so. Haka ƙasashe masu cin gashin kansu kan yarda su ɗebi wani abu daga ikonsu su zuba a wuri ɗaya, har a sami majalisa da kotu da dokoki da ke sama da kowace ƙasa ita kaɗai. Tarayyar Turai mai ƙasashe 27 ita ce ta fi nisa a wannan tafarki. Tamu ta Afirka ta Yamma an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, da ƙasashe 15, kuma Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Gnassingbe Eyadema na Togo ne suka yi ta yawon shawo kan sauran shugabanni. Masu jin Faransanci suna kiranta CEDEAO. Da kasuwanci aka fara. Sai a 1993, da aka sabunta yarjejeniyar a Kwatano, aka shigar da kare haƙƙin ɗan Adam cikin ginshiƙanta, aka kuma tanadi majalisa da kotu. Kuɗin tafiyar da ita yana fitowa daga harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin. Ke nan wanda ya sayi injin jirgin ruwa da aka ƙera a Asiya ya zuba adashinsa, ko bai taɓa jin sunan ƙungiyar ba.

Ruwan da ya riga yarjejeniya

Mu mutanen Yauri ba ma buƙatar a zana mana taswira kafin mu gane cewa ƙasashen nan a ɗaure suke da juna. Ruwan da ke gabanmu daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali, ya wuce ta Yamai, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, sannan ya shigo jihar Kebbi. Masunta sun san tafkin Kainji kan sami ƙaruwa sau biyu a shekara. Akwai ruwa mai laka na damina da ke zuwa daga ruwan saman da aka yi a kusa, akwai kuma wanda ke isowa a cikin hunturu, bayan sama ta daɗe da ɗauke ruwa. Wannan na biyu ruwan saman Gini ne, ya yi watanni yana jan ƙafa a fadamun Mali kafin ya iso mana. Duk wanda ya tare shi a sama, mu ne za mu ji a jikinmu. Don haka ne ma ƙasashe tara da kogin da rassansa suka shafa suke da wata hukuma tasu ta daban a Yamai, wadda aka kafa a 1980.

Haka mutane ma. A masarautar Yauri akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa da Hausawa da Fulani da Sarkawa da Nufawa, kowa da harshensa na gida, Hausa kuma ta haɗa mu a kasuwa. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun bi ta wannan yanki ƙarnuka kafin a haifi wanda ya ja layin kan iyaka. Saboda haka zama da bambanci ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abin da ke da wuya shi ne ranar da aka yi rigima: wa zai yanke hukunci, kuma wace doka ce za ta kare ƙarami daga babba? Kakanninmu sun ɗanɗana wannan. Da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, kimanin mutum 44,000 aka tasa daga gidajensu. Tsohuwar Busa ta nutse, gungu da dama na Gungawa suka shiga ƙarƙashin ruwa. An gina musu sababbin gidaje, amma shawarar a can nesa aka yanke ta. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo ga madatsar.

Ƙofa ta farko: kan iyaka

A 1979, a Dakar, ƙasashen ECOWAS suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga. Abin da ta ƙunsa shi ne ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardun tafiya. Daga baya aka ƙara haƙƙin zama da na kafa sana'a. A 1998 kuma aka fito da takardar shaidar da makiyayi zai riƙe in zai ƙetare iyaka da shanunsa. Jiharmu tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar ta wajen Kamba, Benin ta wajen Bagudo, don haka wannan doka tamu ce fiye da mutumin Inugu.

Sai dai rubutu daban, aiki daban. Shekara huɗu kacal bayan sa hannun, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, kuma an ƙiyasta sun kai miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar nan mai layi-layi da muke zuba kaya in za mu dawo hutu, daga wannan kora ta samo sunanta. Gana ma ta yi irin haka a 1969, kafin a kafa ƙungiyar, kuma Hausawa da Yarabawa da yawa ne abin ya shafa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Ba mu ce babu dalili ba, manoman shinkafa na Kebbi ma sun yi murna a lokacin. Amma babbar ƙasa ta nuna cewa in ta ga dama tana iya ture dokar adashin, babu mai ce mata uffan.

Ƙofa ta biyu: kotu

A nan muke so ku tsaya sosai, domin wannan ne ɓangaren da littafin makaranta ya fi yi wa rowa. Kotun ECOWAS tana zama a Abuja. Da farko gwamnatoci ne kaɗai ke iya kai ƙara. A 2005 aka gyara dokar, aka ce mutum ɗaya, ko talaka ne, yana iya kai ƙarar gwamnatin ƙasarsa in an take masa haƙƙi. Abin da ya fi ban mamaki, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba tukuna. Ko kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ba ta ba da wannan sauƙi ba, a can sai ka ƙure hanyoyin gida.

Wadda ta fi fito da darajar wannan ƙofa wata baiwar Allah ce daga Nijar, Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita kan sefa 240,000 ga wani mutum a yankin Birnin Ƙonni, a ƙarƙashin al'adar da ake kira wahaya. Ta yi kusan shekara tara tana aikin gida da na gona, ta haifa masa 'ya'ya. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, shi kuma ya ba ta takardar 'yanci a 2005, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta tafi ta auri wanda take so, sai aka kai ta kotu da laifin aure kan aure, aka yanke mata wata shida a gidan yari. Ku lura da abin da ya faru: dokar ƙasa ta haramta bauta, amma alƙalan ƙasar suka ga baiwa a gabansu, suka hukunta ta maimakon wanda ya saye ta.

Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar da wasu lauyoyi suka taimaka mata ta kai ƙara kotun ECOWAS. Alƙalan suka taso daga Abuja suka je Yamai suka zauna, don ta samu ta ba da shaida da bakinta. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, suka yanke cewa bauta aka yi da ita, kuma ƙasar Nijar ta gaza kare ta, suka umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnatin Nijar ta karɓi hukuncin, ta biya. Yarinyar da aka sayar tana 'yar shekara 12 ta tsaya da gwamnati guda a gaban alƙali, ta yi nasara. In ana neman amfanin ƙungiyar da ke sama da ƙasa a jimla ɗaya, to shi ke nan: akwai inda za ka je in gidanku ne ya zalunce ka.

Akwai kuma shari'ar da ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗalibai. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta yi ƙoƙarin samar da ilimi kyauta, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotunan Najeriya tilasta shi. Wato alkawari ne da ba ka iya kai ƙara a kansa. Ƙungiyar SERAP ta Legas ta kai batun kotun ECOWAS, a kan zargin karkatar da kuɗin ilimin matakin farko. A hukuncinta na 2009 da na Nuwamban 2010 kotun ta dogara da sashe na 17 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, ta ce ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a gaban alƙali. Yaron da ke tuƙa kwalekwale da safe maimakon ya tafi makaranta, saboda gungunsu ba aji ba malami, yana da wannan haƙƙi a rubuce. A 2022 ma kotun ta ce rufe Twitter da gwamnatin tarayya ta yi na wata bakwai ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, abin da ya kamata kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida ya sani.

To amma kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. A Oktoban 2016 ta umarci Najeriya ta saki Kanar Sambo Dasuki, ba a sake shi ba sai Disamban 2019. Hukuncinta yana aiki ne in gwamnati tana jin kunya. Ta Nijar ta ji kunya a 2008. Ba kullum ake dacewa ba.

Ranar da aka kashe wuta

A 2001 ƙungiyar ta amince da wata yarjejeniya kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki, wadda ta ce ba za a lamunci karɓar mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki ba, kuma ba a sauya dokar zaɓe in ya rage wata shida ba tare da yardar akasarin 'yan siyasa ba. Ta yi aiki a Gambiya a Janairun 2017, lokacin da Yahya Jammeh ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka. Da ya ga sojojin ƙungiyar a bakin iyaka, ya hau jirgi. Amma da Alpha Conde na Gini ya sauya kundin tsarin mulki ya zarce wa'adi na uku a 2020, da Alassane Ouattara na Kodebuwa ya yi nasa wa'adi na ukun a shekarar, ba wanda ya tura soja ko ya rufe iyaka. Talaka yana gani. Ya fahimci cewa mai bindiga ake yi wa tsawa, mai alƙalami kuwa a taya shi murna.

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojojin fadar shugaban Nijar suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Bola Tinubu, suka rufe iyakoki, suka dakatar da hulɗar kuɗi da ciniki, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi.

Ga madatsarmu ta dawo. Daga Kainji wuta kan nufi Birnin Kebbi, daga can kuma layi ya miƙe zuwa Yamai. Jami'an Najeriya sun sha faɗa cewa ana ba maƙwabta wutar ne don kada su tare kogin a sama. Wato irin cinikin maƙwabtaka ne, ku bar mana ruwa mu ba ku haske. Wutar da aka nutsar da gungun kakanninmu don a samar, ita aka mayar bulala. Kuma wa bulalar ta sama? Janar yana da janareta. Wanda ya sha wuya shi ne majinyaci a asibiti, da tela, da mai sayar da ƙanƙara, da direban tirela da ya kwana makonni a bakin iyaka kayan gwari na ruɓewa a bayansa. Ta wannan gefen ma kasuwannin iyaka irin na Kamba sun ji jiki. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, tsawon kilomita kusan 1,500, kuma a yawancin wuraren dangi ɗaya ne layin ya raba. Shi ya sa Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, aka koma tura Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da tawagar malamai.

Ra'ayinmu a nan shi ne juyin mulki laifi ne, kuma ƙungiyar da ta rubuta doka ta yi shiru a kansa ta zama abin dariya. Tsare Bazoum ba shari'a ma take haƙƙi ne, kotun ECOWAS ta faɗi haka a Disamban 2023, sojojin suka yi kunnen ƙashi. Amma ƙungiyar da ta ce tana kare haƙƙin mutane ba ta da hujjar kashe wa asibiti wuta. Horon ya tsallake mai laifi ya faɗa kan wanda aka ce ana karewa, sojojin kuma suka sami abin nuna wa jama'arsu.

Sauran labarin gajere ne. Mali da Burkina Faso da Nijar suka kafa ƙawancen AES a Satumban 2023, suka sanar da ficewa ranar 28 ga Janairu, 2024. Gowon da kansa, yana tsoho, ya rubuta wasiƙa yana roƙon a janye takunkumi, aka janye ranar 24 ga Fabrairu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sashe na 91 na yarjejeniyar ya ce a ba da sanarwar shekara guda, don haka ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Ƙasashe 12 suka rage. Ba wannan ne karon farko ba, Muritaniya ta fita a 2000, Birtaniya ma ta bar Tarayyar Turai a 2020, sai dai ita bayan an tambayi jama'a a ƙuri'ar raba gardama ta 2016. A nan ba wanda ya tambayi mutumin Gaya ko na Doso.

A ranar ficewar ECOWAS ta ce za ta ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su shiga su fita ba biza, har sai an sake shawara. Wato ƙofar farko tana buɗe, amma bisa alfarma, ba bisa haƙƙi ba. Ƙofa ta biyu kuwa ta rufe. In yau aka sayar da wata yarinya a ƙauyen da aka sayar da Hadijatou, alƙalin gida kuma ya juya mata baya, alƙalan Abuja ba su da ikon zuwa Yamai su saurare ta. Wannan asarar ba a cika ambatonta a rediyo ba, domin waɗanda ta shafa ba su ne ke riƙe da makirufo ba.

Ƙungiyar wa?

Abin da ya sa aka iya yin duk wannan ba tare da jin ta bakin jama'a ba yana cikin ginin ƙungiyar. Iko na ƙoli yana hannun taron shugabannin ƙasashe. Akwai majalisa a Abuja, wadda aka tsara da kujeru 115, Najeriya na da 35, amma ba mu ne muke zaɓensu ba. Daga cikin sanatoci da 'yan majalisar wakilai ake tsamo su. Ku tambayi iyayenku ko sun taɓa ganin fostar mai neman kujerar majalisar ECOWAS. A Turai tun 1979 jama'a ke zaɓen 'yan majalisar tarayyarsu kai tsaye, kuma kundin haƙƙoƙinsu ya zama doka mai tilas tun Disamban 2009.

Sai batun harshe. Tarayyar Turai tana aiki da harsuna 24, har da na Malta, tsibirin da mutanensa ba su fi rabin miliyan da kaɗan ba, alhali ƙidayar 2006 ta ba jihar Kebbi kaɗai sama da miliyan uku. Ɗan Malta yana iya rubuta wa hukumomin tarayyar da harshensa a ba shi amsa da shi. ECOWAS kuwa Ingilishi da Faransanci da Fotugis kawai ta sani. Hausa da ake ciniki da ita daga Yelwa zuwa Maraɗi zuwa zangon Kumasi ba ta ciki, Fulatanci ba ya ciki, balle Gunganci ko Kambarci. Haƙƙin da aka rubuta da harshen da mai shi ba ya ji, sai an sami mai karanta masa. Hadijatou ta sami Timidria. Mai kamun kifi a Ngaski wa zai karanta masa? A gidaje da yawa na wannan yanki, ɗan sakandare ne mai karanta takarda, kuma mu ne 'yan sakandaren.

Aikin da muka ba masu karatu a wannan makon guda biyu ne. Wanda ke da tsoho a gida da ya ga tashin 1968, ya tambaye shi yadda aka sanar da su, da wanda suka kai wa kuka, ya rubuto mana a shafi ɗaya ba tare da sunan kowa ba. Sannan 'yan aji biyu da aji uku su shirya wa muhawarar ƙungiya a kan wannan batu: in sojoji sun ƙwace mulki a maƙwabciyar ƙasa, wane horo ne zai sami janar bai taɓa majinyaci ba? A jefa amsoshi a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis, waɗanda suka fi ma'ana za mu liƙa su a wannan allo.